Lasifikar Kwamfuta: A Bar Kunne Ya Yi Ciniki

Daga cikin kayayyakin da ke kan teburin ma'aikaci ko ɗalibi a wannan zamani, babu wanda ake saye da gaggawa, ba tare da shawara ba, kamar lasifikar kwamfuta. Mutum zai yi wata guda yana tambaye-tambaye kafin ya sayi ita kwamfutar, ya bincika saurinta, ya auna faɗin fuskarta, ya ja ciniki har gumi ya karyo masa. Amma da an zo kan lasifika sai ya miƙa hannu ya ɗauki wadda kwalinta ya fi ƙyalli, ko wadda ta fi cika rumfa da ƙara, ya biya da canjin da ya rage. Bayan mako guda sai a ji shi yana ƙorafin cewa malamin da ke koyarwa ta intanet ba ya fitar da harafi, ko kuwa shugaban taro yana magana kamar bakinsa cike da goro. Alhali kuwa sau da yawa malam da shugaban taro ba su da laifi. Laifin yana ga akwatunan nan biyu da aka girke a gefen kwamfuta.

A da can wannan ba abin damuwa ba ne, domin kwamfuta ba ta magana. Wadda kamfanin IBM ya fitar a shekarar 1981, wadda ta zama uwar yawancin kwamfutocin tebur, 'yar ƙaramar lasifika ce a cikinta, aikinta kawai ta yi ƙyas idan an kunna ko an yi kuskure. Sai a ƙarshen shekarun 1980 aka soma sayar da allunan sauti da ake ƙara wa kwamfuta, musamman wanda kamfanin Creative na ƙasar Singafo ya fitar a 1989 da sunan Sound Blaster. Tun daga nan murya ta yi ta samun wuri, har aka kai shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta rufe makarantu da ofisoshi. A watan Mayun wannan shekara ne Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta yi zamanta na farko ta intanet, jami'o'i da ma'aikatu kuma suka bi sahu. Annoba ta wuce, amma al'adar ta zauna. Yanzu ta lasifika ɗalibin Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa yake jin darasinsa, ta nan mai koyon Faransanci ko Larabci yake kama lafazi, ta nan kuma sakatare yake sauraron taron da aka ɗauka domin ya rubuta rahoto. Kalma ɗaya da ya ji ba daidai ba tana iya sauya ma'anar hukuncin da aka yanke.

Saboda haka magana ɗaya ce ya kamata mai saye ya riƙe: lasifikar tebur an yi ta ne domin murya ta fito garau ga mutumin da ke zaune tazarar hannu ɗaya daga gare ta, kuma kunne ne kaɗai zai iya shaidar ko ta cika wannan aiki. Ƙarfin ƙara, da manyan lambobin da ke jikin kwali, da fitilu masu walƙiya, duk ado ne.

Kafin a fahimci dalilin haka, yana da kyau a san yadda abin yake aiki. A cikin kowace lasifika akwai maganaɗisu, da naɗin siririyar waya, da wani faifai na takarda ko roba. Idan lantarki mai ɗauke da sauti ya bi ta naɗin wayar, sai ya riƙa tura faifan gaba yana jawo shi baya, faifan kuma ya kaɗa iska, iska ta bugi dodon kunne. Wannan tsari ba sabo ba ne. Wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, su ne suka bayyana shi a 1925, kuma shi ne har yau yake cikin rediyon mai shayi da lasifikar filin wasa. Tun da asalin dabarar ɗaya ce, bambancin mai kyau da marar kyau yana ga ingancin faifai, da ƙarfin maganaɗisu, da kaurin akwati, da natsuwar wanda ya haɗa su. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake iya gani a jikin kwali.

Masana suna auna kauri ko sirantar amo da ma'aunin hatz, wato yawan kaɗawar iska a cikin daƙiƙa ɗaya. Kunnen matashi lafiyayye yana ji daga hatz 20, wato rugugi mai kauri irin na tsawa daga nesa, har zuwa hatz 20,000, kuma iyakar saman tana raguwa da shekaru. Muryar ɗan Adam tana tsakiya. Shi ya sa tsohuwar wayar tarho, wadda ba ta ɗaukar abin da ya yi ƙasa da hatz 300 ko ya wuce 3,400, ta yi shekaru tana isar da saƙo ana fahimta. Ƙarfin murya yana cikin wasula, waɗanda ke ƙasa-ƙasa, amma ma'ana tana cikin baƙaƙe, su kuwa alamomin da ke rarrabe su suna sama, galibi daga hatz 2,000 zuwa gaba, kuma ba su da ƙarfi.

Mai jin Hausa ya fi kowa sanin haɗarin da ke cikin wannan. Tsakanin kara da ƙara, ko baki da baƙi, ko sara da tsara, ko kasa da ƙasa, bambancin ɗan ƙanƙani ne, ƙiftawar ido ne a kunne. Haka yake a Turanci tsakanin adadin goma sha biyar da hamsin, inda ƙarshen kalma kaɗai ke raba su, kuma ma'aikacin kuɗi ya san abin da wannan ruɗani ke iya jawowa. To, abin da masana ji suka tabbatar shi ne, amo mai kauri idan ya yi yawa yana danne wanda ke samansa, kamar yadda babbar ganga ke haɗiye muryar maroƙi idan aka tsaya kusa da ita. Lasifikar da aka ƙera domin ta girgiza tebur da rugugi, ita ce ke binne waɗannan ƙananan baƙaƙe. Mai ita sai ya ƙara murɗa ta don ya ji sosai, rugugin kuma ya ƙaru, maganar ta ƙara nutsewa, kansa ya ɗauki ciwo.

Sai kuma batun lambobin da ke jikin kwali, inda nan ne aka fi yi wa mai saye sakiyar da babu ruwa. Za a ga 'yar lasifikar da ba ta fi gwangwanin madara ba an rubuta mata wat 1,000, wani lokaci ma fiye, tare da haruffan PMPO a gefe. Ɗan lissafi kaɗan ya isa ya warware zancen. Yawancin irin waɗannan ƙanana daga kafar USB ta kwamfuta suke jan wuta. Tsohuwar kafar da aka saba da ita tana ba da bolt 5 da rabin amfiya, wato wat 2.5, wadda ta biyo bayanta mai launin shuɗi kuwa wat 4.5. Ta yaya abin da aka ba wat biyu da rabi zai riƙa fitar da wat dubu? Wat dubu shi ne abin da dutsen guga na lantarki ke ci, kuma ƙaramin janareta irin na masu aski bai kai ya ba da shi ba. Haruffan PMPO ba su da wani ma'auni da aka yi ittifaƙi a kansa, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga dama. Lambar da ke da ɗan amfani ita ce wadda aka rubuta wa RMS, domin ita ke nuna ƙarfin da na'urar za ta iya jurewa tana aiki ba tsayawa.

Wannan wasa da lambobi tsoho ne. A Amurka sai da ya kai Hukumar Ciniki ta Tarayya ta kafa doka a 1974, wadda ta tilasta wa masu sayar da na'urorin sauti na gida su bayyana ƙarfin da na'ura ke bayarwa a dawwame, tare da yawan gurɓatar amon da ke biyo baya. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah: idan ƙasar da ke ƙera kayan ta ga wajibi ne ta tsawata, to mai saye a ƙasar da ake shigo mata da su ya fi cancantar buɗe ido.

Har ila yau, ko lambar gaskiya ce, ba ta da muhimmancin da ake ba ta. Ƙarfin ƙara da ma'aunin desibel ake auna shi, kuma hira tsakanin mutum biyu tana kusan desibel 60. Lasifika matsakaiciya, idan aka ba ta wat ɗaya tak, tana fitar da desibel 85 ko abin da ya yi kusa da haka a tazarar mita ɗaya, wanda ya riga ya zarce abin da mai karatu a ɗaki yake bukata. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, wanda da ƙyar kunne ke lura da shi, kuma sai an ninka shi sau goma kafin mai sauraro ya ce ƙarar ta ninka. Ashe ke nan wat 5 zuwa 20 na gaskiya a kowane gefe sun wadatar da tebur da ɗaki gaba ɗaya, har da rara.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta kunne wadda ke sa mutum ya yaudari kansa a kasuwa. Wasu masana biyu na ɗakin binciken kamfanin Bell, Harvey Fletcher da Wilden Munson, sun nuna a 1933 cewa kunne ba ya jin amo mai kauri da mai siranta sosai idan ƙara ta yi ƙasa, sai an ɗaga ta suke fitowa. Ma'ana, kowace lasifika idan aka murɗa ta sama takan yi kamar ta fi cika da zaƙi. Don haka idan aka gwada wa mutum guda biyu, ɗaya aka ɗaga ta fiye da ɗaya, kusan kullum wadda aka ɗaga zai zaɓa, ko da ita ce marar kyau. Ɗan kasuwar da ke ƙure ƙara ba lalle ne yana da mugun nufi ba, hayaniyar kasuwa ce ta koya masa. Amma mai saye ba a kasuwa zai yi amfani da kayan ba.

Wanda ke son misalin abin da gwanaye suka zaɓa wa kansu, ya dubi abin da gidan rediyon BBC ya yi. A tsakiyar shekarun 1970 sashen bincikensa ya ƙera wata 'yar lasifika mai lamba LS3/5A, domin ma'aikatan da ke aiki a cikin motocin ɗaukar shirye-shirye da ƙananan ɗakuna, inda mutum ke zaune dab da na'ura, kamar dai mai kwamfuta a yau. Tsayinta bai wuce santimita 30 da 'yan kai ba, babban faifanta bai kai inci 5 ba, akwatinta na katako ne mai nauyi, kuma ba ta iya fitar da rugugi mai zurfi. Masu ƙera ta sun san da haka, sun kuma yarda, domin abin da suke nema shi ne muryar mai karanta labarai ta fito tamkar yana zaune a ɗakin. Kusan shekara 50 ke nan, har yanzu wasu kamfanonin Ingila suna ƙera ta da izinin gidan rediyon, masu son sauti a duniya kuma suna rububinta da tsada. Babu mai cewa ɗalibi ya nemi irinta, domin kuɗinta ya fi na kwamfutarsa nesa ba kusa ba. Darasin shi ne, mutanen da sauti ne sana'arsu, da suka tashi yi wa kansu lasifikar zama kusa, murya suka sa a gaba.

Daga nan sai a san irin wadda ta dace. A kasuwa akwai mai akwati biyu, hagu da dama, wadda ake rubuta wa 2.0. Akwai mai akwati biyu da na uku babba da ake ajiyewa a ƙasa domin rugugi, wanda 'yan kasuwa ke kira wufa, ita ce 2.1. Akwai kuma 5.1, mai akwati shida, wadda aka yi domin kallon fim a falo, kuma ba ta da gurbi a teburin aiki. Ga ma'aikaci da ɗalibi, mai akwati biyu wadda faifanta ya kai inci 3 zuwa 4 ta fi dacewa, musamman idan a saman kowane faifai akwai wani ƙarami mai fitar da siririn amo. Matsalar masu wufa na araha ita ce, akwatunan saman ƙanana ne ƙwarai, ba su iya ɗaukar kaurin muryar namiji, sai a bar wa wufa, murya ta rabu biyu, rabi a kan tebur rabi a ƙarƙashinsa. Bugu da ƙari, amo mai kauri yana ratsa bango da daɓe cikin sauƙi. Wanda ya kunna wufa a ɗakin kwanan ɗalibai ko a gidan haya, maƙwabcinsa ba ya jin waƙar, duka kawai yake ji a ƙirji. Wanda yake da ɗakinsa shi kaɗai, yake kuma son kiɗa da fim, babu laifi ya sayi mai wufa, muddin tana da maɓallin rage rugugin daban.

Masu iya magana sun ce ba a cinikin biri a sama. Wanda zai je saye, ko a Titin Beirut na Kano ne, ko a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ko a kantunan Wuse a Abuja, ya tafi da abin gwajinsa a cikin waya. Na farko ya zama magana ce zalla, ta muryar da ya sani sarai, kamar mai karanta labaran da ya saba ji ko malaminsa. Ya nemi a rage ƙara zuwa daidai hira, ya matso kamar yana teburinsa, ya saurara: shin baƙaƙen suna fita ɗaya bayan ɗaya, ko suna cuɗewa? Shin muryar ta yi kama da mai ita, ko ta koma kamar daga cikin tulu ko ta hanci? Na biyu ya zama kiɗan gargajiya da kunnensa ya san asalinsa. Kalangun da ke bin Alhaji Mamman Shata yana hawa yana sauka kamar magana, lasifika mai kyau za ta bar a bi shi daki-daki ba tare da ya rufe mawaƙin ba. Kuntigin Ɗanmaraya Jos kuwa tsirkiya ɗaya ce siririya, idan ta soki kunne kamar ana kankare kwano, to lasifikar za ta gajiyar da mai ita cikin sa'a guda. Daga ƙarshe ya tsayar da komai, ya ɗaga ƙara, ya kara kunne. Idan ya ji huci ko gunji alhali ba a kunna komai ba, ya ajiye.

Hannu ma yana da nasa aikin. A ɗaga akwatin a ji nauyinsa, a ƙwanƙwasa gefensa da ɗan yatsa. Wanda ya amsa kamar ƙwarya, zai riƙa ƙara nasa amon a kan na mai magana. Wanda ya yi shiru kamar an bugi turmi, shi ake so, kuma galibi na katako ne ko roba mai kauri. A duba cewa maɓallin ƙara yana gaba ko a gefe inda hannu zai kai, a murɗa shi a ji ko yana ƙarƙara, a kuma tabbatar gefen hagu da na dama suna tashi tare idan an yi ƙasa da shi. Idan akwai kafar saka abin sauraro na kunne a gaba, wannan ƙarin alheri ne ga mai karatun dare.

Hanyoyin haɗawa da kwamfuta uku ne. Akwai siririn fulogi mai kaurin milimita 3.5, wanda ke shiga koriyar kafa a bayan kwamfuta, domin ruwan hoda ta makirfo ce. Shi ne mafi sauƙi, kuma kowane mai gyaran rediyo zai iya sauya shi idan ya tsinke. Akwai mai karɓar sauti ta USB, wadda ke da amfani idan kafar sautin kwamfutar ta lalace ko tana kawo hayaniya. Akwai kuma Bluetooth, marar waya, wadda ke da daɗin sha'ani, sai dai sauti yakan ɗan makara a cikinta, har a ga baki ya motsa kafin a ji kalma, kuma kwamfutocin tebur da yawa ba su zo da ita ba. Abin da zai zauna wuri ɗaya shekara da shekaru, waya ta fi masa.

Wutar lantarki kuwa sai an yi mata tanadi na musamman. Ma'aunin wutar gida a Nijeriya bolt 230 ne, na Amurka kuwa 120. Kayan gwanjo da aka shigo da su daga can, idan ba a karanta rubutun da ke bayansu ba aka soka a bango, hayaƙi ne zai biyo baya nan take. Haka nan hawa da saukar wuta, da lokacin sauyawa daga ta gari zuwa janareta, su ne ajalin yawancin lasifikoki masu na'urar ƙara ƙarfi a cikinsu. Ya kamata a haɗa su da abin da ke kare ita kwamfutar, a kuma kashe su idan an tashi. A nan 'yar ƙaramar mai jan wuta daga USB tana da nata matsayi, domin ba ta da ruwa da bango, kuma ga ɗalibin da ke dogara da batir ko hasken rana, cinta kaɗan ne. Idan an ji wani gunji mai kauri ba tsayawa, sau da yawa sai an soka kwamfuta da lasifika a soket ɗaya yake ɓacewa. Kukan da ke tashi kafin waya ta yi ƙara kuwa, matsar da wayar nesa kaɗan shi ne maganinsa.

Bayan an kawo gida, wurin ajiyewa yana gyara sauti fiye da ƙarin kuɗi. Tsarin akwati biyu, wanda injiniyan Ingila Alan Blumlein ya yi wa rajista a 1931, an gina shi ne a kan cewa kunnuwa biyu ne. Don haka a raba akwatunan, ɗaya a hagun fuskar kwamfuta ɗaya a dama, tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da wadda ke tsakanin kowanne da kan mai zama, a ɗan karkato su su fuskance shi. A ɗaga su kusa da saitin kunne, ko da a kan tsofaffin littattafai ne, domin siririn amo a miƙe yake tafiya, idan aka bar su a ƙasa sai ya ƙare a ƙirji da kan tebur. Kada a manna su da bango ko a cusa su a lungu, musamman masu rami a baya, domin nan rugugi ke taruwa. Lokacin taro ta intanet kuma a nisanta su da makirfo, a rage ƙara, don kada muryar mutane ta koma musu ta zama amsa-kuwwa.

Abin da ya fi kuɗi muhimmanci a wannan magana shi ne lafiyar kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron ƙara fiye da kima. A ƙa'idar da ta fitar a 2019 tare da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, babba zai iya sauraron desibel 80 na sa'a 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma idan aka kai desibel 90, sa'a 4 ce kawai a mako. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne idan suka mutu ba su sake tsirowa, kuma abin da ke fara tafiya shi ne jin siririn amo, wato daidai wurin da baƙaƙe suke. Mutum sai ya wayi gari yana jin ana magana amma ba ya rarrabe abin da ake faɗi. Lasifika marar kyau tana tura mai ita ga wannan rami, domin kullum sai ya ɗaga ta kafin ya fahimta. Mai kyau kuwa ana jin ta sarai tana ƙasa.

Wani zai ce duk wannan zancen masu hali ne, albashi bai kai ƙarshen wata ba, ɗalibi kuma da kuɗin makaranta yake fama. Gaskiya ne, kuma babu mai cewa a ci bashi saboda lasifika. Sai dai gwaji da kunne kyauta ne, gyara wurin ajiyewa kyauta ne, kuma a cikin masu araha ma akwai dama-dama, wanda ya saurara zai gane su. Kuɗin da ake ƙarawa domin fitilu da wufa da lambar ƙarya, da an zuba shi a kan akwati biyu masu nauyi, da an more. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma wanda ya sayi ta banza sau uku ya biya kuɗin mai kyau bai same ta ba. Wani kuma zai ce abin sauraro na kunne ya wadatar. A ofishin da mutum biyar ke zaune a ɗaki ɗaya, ko a ɗakin karatu, wannan shi ne daidai, kuma shi ne ladabi. Amma sa shi yini guda yana gajiyarwa, yana hana jin sallama, kuma shi ne ya fi saurin cutar da kunne idan ba a kula ba.

Daga ƙarshe, akwai nauyi a kan hukumomi. Jami'an da ke sayo wa ma'aikatu da makarantu kayan aiki su daina rubuta yawan wat a matsayin sharaɗi, su nemi a kawo samfur a kunna a gabansu, a ɗakin da za a yi amfani da shi, kafin a sa hannu. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, wadda ke tantance abin da ake shigowa da shi, ya dace ta sa ido a kan lambobin da ake bugawa a jikin kwali, kamar yadda take sa ido a kan wayar lantarki da tayoyi. Dokar kare masu saye ta 2018 ta hana yaudara wajen bayyana kaya, ta kuma ba mai saye ikon mayar da abin da ya same shi da aibi, don haka kada a bar kanti ba tare da rasit a hannu ba. Shugabannin makarantu kuma su tsayar da ƙa'idar ƙara a ɗakunan kwana, domin mai jarrabawa gobe yana da haƙƙin barci yau.

Shi kuwa mai saye, idan ɗan kasuwa ya nuna masa wat dubu ya kai hannu zai ƙure ƙara, sai ya ce masa cikin ladabi ya rage, ya sa magana. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Wadda ta fitar da baki daban da baƙi daban alhali tana ƙasa-ƙasa, ita ce ta cancanci kuɗinsa.